Ta Ina Za Mu Bi, Baba?

Shekara goma sha huɗu ya yi yana jan babbar mota kafin ya koma tuƙa motar makaranta. A wancan lokaci abokan aikinsa Ba-Birki suke ce masa, saboda in ya hau titi ba ya son tsayawa, in kuma aka taɓa shi bakinsa ma ba ya tsayawa. Yakan yi kwana goma, wani lokaci sha biyu, bai ga gida ba, ya dawo da tsaraba a leda, ya yi kwana biyu yana ramuwar barci, ya sake ficewa. Matarsa a gidan burodi take aiki, ita ke kula da murhu, tun da duhun safiya take fita. 'Yarsu ta fari rabin girmanta a hannun maƙwabta ta yi shi, kuma ba ta taɓa ba kowa wahala ba.

Ta biyun ce ta sauke shi daga babbar mota. Tun tana rarrafe in ta ji daɗi sai ta riƙa kaɗa hannuwa kamar mai shirin tashi sama, shi ya sa yayarta ta laƙaba mata Tsuntsuwa, sunan kuma ya bi ta. Ta cika shekara biyu ba ta ce Mama ba. In an kira ta ba ta waiwaya, amma in aka buɗe famfo a can bayan gida sai ta toshe kunne. Tana da shekara uku da 'yan watanni wata likitar yara ta zaunar da iyayen, ta ce musu abin da ke tare da yarinyar sunansa otizim, ba kurumta ba ce, ba kuma laifin kowa ba ne. Suna fitowa wata mata da ke kan benci ta dube su ta ce, "Ayya, galahanga ke nan." Kalma ce da ake jifan yara masu lalurar ƙwaƙwalwa da ita. Ya ja hannun matarsa suka wuce. Da ranar ta same shi shekara biyar baya, da sai an riƙe shi.

A watan ya mayar wa mai motar mabuɗinsa. Ya samu wata makarantar firamare da ke neman direba, mota mai kujera ashirin da biyu, ruwan ɗorawa, ƙofarta sai an buga da gwiwa take rufewa. Yara suka sa masa Baba Direba, tsohon sunan ya mutu. Ya koyi kitse gashi gida biyu, ya koyi cewa Tsuntsuwa ba ta sa safa mai ɗinki a yatsu, ba ta shan shayi sai a kofi mai ruwan bula, kuma burodinta sai an yanke masa gefe. Matarsa takan ce, "Ni nake gasa shi, kai kake masa kaciya."

Sai da ta wuce shekara huɗu bakinta ya buɗe, da ya buɗe kuwa zancen hanya ta fara. Makarantar ta karɓe ta albarkacinsa, kullum tana zaune a kujerar da ke bayansa, goshinta manne da gilashi, tana kiran abin da za a wuce tun kafin a kai. Gidan mai. Shagon taya. Gada. Bishiyar da aka sare wa rabi. Kantin madubi, sai a yi hagu. Ba ta taɓa kuskure ba. In fasinjojinsa ƙanana suka cika shi da ihu, muryarta yake bi kamar rediyo, har yakan ji alfahari. 'Yar direba ce, ko ba a faɗa ba.

Shekara biyu aka yi haka lafiya lau. Abin ya fara ne bayan ta cika shida, kuma a hankali ya shigo, yadda bai lura ba. Yayarta ta wuce sakandare, kujerar gefenta ta zama babu kowa. Malamar ajinsu, wadda ta san halinta, ta tafi hutun haihuwa, aka kawo wata mai ƙarfin murya da turare mai hawa kai. Makaranta ta cire ƙararrawar hannu ta sa ta lantarki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, a wurinsa, ba abin da za a tsaya a kai ba ne.

Sai tambaya ta ɓullo. Yana ɗaura mata takalmi za ta ce, "Ta ina za mu bi, Baba?"

"Ta gidan mai."

"Ta ina za mu bi?"

"Na ce ta gidan mai, Tsuntsuwa."

Da farko sau uku ne, sau biyar. Kafin wata biyu yayarta ta ƙirga sau arba'in da ɗaya tsakanin wanka da bakin ƙofa. Farcenta ya ƙare da ci har naman yatsa ya yi ja. Kullum da safe cikinta na ciwo, an kai ta an duba ba a ga komai ba. Ta daina shiga banɗaki sai an tsaya mata a ƙofa. Shi kuwa sai ya ɗauka sangarta ce ta fara, yana cewa yarinya ta ga ana lallaba ta ne.

Wata Litinin suna gab da gidan mai ya tarar an tare titi da ganguna, wani ma'aikaci yana kaɗa jar tuta, a bayansa motar tono tana yage kwalta. Za a sa sababbin bututun ruwa. Ya yi tsaki, ya karya kan mota dama, ya shiga wani layi da bai saba bi ba.

Ƙarar da ta fito daga bayansa bai taɓa jin irinta ba. Tsuntsuwa ta miƙe tana buga gilashi da tafin hannu, tana cewa gidan mai, gidan mai, ta zame ƙasan kujera, ta kafa haƙori a bayan hannunta. Ƙananan yara suka fashe da kuka, manyan suna dariya. Layin ƙunci ne, babu wurin tsayawa, na baya suna ta danna masa ham. Ya doki sitiyari ya daka mata tsawa da muryar Ba-Birki, wadda ba ta taɓa ji ba. Motar ta yi tsit, ban da ita.

Washegari shugabar makaranta ta kira shi ofis. Mace ce mai kirki, ta ba shi kujera, ta daɗe tana juya biro kafin ta yi magana. Iyaye uku sun yi waya. Ba korar yarinyar ake yi ba, amma a ɗan dakata da sa ta a mota sai ta natsu.

"Ranki ya daɗe, in ba a motar ba, a me za ta zo? Uwarta tana wurin aiki."

"Na sani, Baba Direba. Ni ma an sa ni a tsakiya ne."

Ashe ba a ma buƙatar hanin, don Tsuntsuwa da kanta ta ƙi fita. Da ta ga ya ɗauko rigar makaranta sai ta shige tsakanin katifa da bango ta dunƙule. Matarsa ta roƙi a sauya mata lokacin aiki zuwa rana, sai ya zama yana shigowa tana fita, a bakin ƙofa suke gaisawa, ita da warin yisti, shi da warin man dizal. Masu ba da shawara kuwa ba su yi ƙaranci ba. Wani ya ce a yi mata bulala biyu ta dawo hayyacinta, wata ta ce a ƙyale ta a ɗaki har ta girma, wani ya kawo kwalba babu suna a jiki. Yakan ce an gode, ya wuce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma shi ɗin ma a lokacin bai sani ba.

A mako na uku haƙurinsa ya ƙare. Ya ce yau ko ana ha maza ha mata sai ta je, a ƙafa ma in ta kama. Ya ciro ta daga bayan katifa ya saɓa a kafaɗa. Kafin ya kai ƙofar gida ta cije shi ta cikin riga, sai ya ji ɗumi yana bin ƙirjinsa, ta saki fitsari. A nan ya ji bugun zuciyarta a jikin wuyansa, da sauri da sauri kamar na kaza a hannun mai yanka. Ya tsaya cak. Taurin kai ba ya sa zuciya irin wannan gudu, ya san haka, don ya taɓa jin tasa ta yi shi ranar da birkinsa ya tsinke a gangare da lodin siminti. Ya sauke ta a hankali, ya zauna a ƙasa kusa da ita da jiƙaƙƙiyar rigarsa. Matarsa ta fito da bokiti ta ajiye a gabansa. Ranar yaran makaranta sun jira shi minti arba'in a bakin titi.

Komawa wurin likita ma sai da ya zama aiki. Ba su iya kai yarinyar ba, shi kaɗai ya je da hoton hannunta a waya, ya yi awa uku a layi. Likitar ta tsufa kaɗan a kan yadda ya san ta, idanunta sun nuna ita ma ba ta ƙoshi da hutu ba. Ta saurare shi har ya gama.

"Malam, a makon nan kai ne na shida da ya kawo mini irin wannan labari," in ji ta. "Fargaba ce. Yara irin naka da yawa in sun kai wannan shekarun sai ta taso musu, don duniyarsu ta fara faɗi, abin da ke canjawa ya fi abin da ke tsaye. Kai in an tare hanya ka san akwai wata. Ita a kanta hanyar nan ita ce take riƙe da makaranta, da gida, da kai. Da aka tone ta, ba ta da tabbacin sauran suna nan."

"To tambayar fa? Sau arba'in, likita."

"Ta san amsar. So take ta ji ko har yanzu amsar ba ta canja ba."

Ta ce kada ya sake ɗaukarta da ƙarfi, kada kuma ya bar ta a bayan katifa, don tsoron da aka bari a ɗaki girma yake yi. Ya riƙa gaya mata abin da zai faru tun kafin ya faru, kuma ya nuna mata da ido, don maganar baki tana zubewa in ta firgita. A tafi da ita taku ɗaya ɗaya, in ta ci taku ɗaya a tsaya a nan sai ta saba. In abin ya motsa ya rage magana, ya rage murya, ya rage haske, ya zauna kusa. Ta rubuta masa wasiƙa zuwa makaranta a kan ƙararrawa da wurin da yarinyar za ta riƙa fakewa in hayaniya ta yi yawa. Da ya miƙe sai ta ce, "Kai kuma, yaushe rabonka da ka zauna ba ka jiran wani abu ya fashe?"

Ya yi 'yar dariya, ya ninke wasiƙar ya sa a aljihu.

A hanya ya tsaya ya roƙi kwalin sabulu a wani kanti. Da la'asar ya baje shi a tsakar ɗaki ya zana hanyar da biro. Shi ba gwanin zane ba ne. Yayar ta leƙo ta ce gidan man ya yi kama da akwatin gawa, ta karɓi biron ta gyara. Suka zana tsohuwar hanya da baƙi, suka sa ganguna a inda aka tare, suka ja sabuwar da ja: layin masu walda, gidan da ke da koren ƙofa, wani kare da ke kwana a gindin turken lantarki, har ta fito ta haɗu da tsohuwar a gada. Tsuntsuwa ba ta zo ba. Suka jingina kwalin a bango inda za ta gani daga maɓoyarta. Kwana huɗu yana nan. A na biyar uwar ta same ta a durƙushe tana bin jan layin da yatsa, leɓenta na motsi.

Daga nan aka fara abin da matarsa ke kira tafiyar hawainiya. Ranar hutu suka fita zuwa ƙofar gida, suka tsaya, suka ƙirga motoci biyar, suka koma. Sati na gaba bakin layi. Ya samo mata irin abin toshe kunnen da masu injin niƙa ke sawa, ya yi mata yawa, uwar ta cusa soso a ciki. In ta ce ta ina za mu bi, ya amsa sau ɗaya, na biyu sai ya nuna kwalin ya ce, "Duba ki gaya mini." Wani lokaci ta duba, wani lokaci ta jefar da shi. Ya koya mata ta ɗora hannu a cikinta ta ce tsoro ya zo, maimakon cizo. Shi ma ya koyi nasa, in ya ji tsawa tana hawowa maƙoshinsa sai ya damƙe mabuɗin mota a aljihu har ya yi masa sawu a tafi. Ba kullum yake cin nasara ba. Sau biyu ya sake ɗaga murya, kuma kowanne sai da ya mayar da su baya da mako guda.

A sati na shida suka kai wurin gangunan a ƙafa. Ma'aikata suna hutun rana, motar tono a kashe. Ta tsaya nesa riƙe da gefen wandonsa tana kallon ramin. Mai jar tutar, wani dattijo da haƙora biyu a gaba, ya gane direban motar makarantar nan ne, ya taso zai yi wa yarinya wasa. Baba Direba ya ɗaga masa hannu alamar ya tsaya a inda yake, ya ce masa gidan mai suka zo dubawa. Dattijon ya fahimta, ya koma ya zauna a kan ganga, daga can ya nuna mata da sandar tutar, ya ce, "Ga gidan manku can, 'yammata, bai je ko'ina ba." Ta leƙa ta gefen tarin ƙasa. Yana nan kuwa, da rufinsa da komai. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Gidan mai," a hankali, ta juya ta ja shi zuwa gida.

Shugaba ta ba shi izinin ɗaukar motar ranar Asabar, babu yara. Sau uku suka bi jan layin su biyu, ita da kwalinta a cinya. A sati na goma sha ɗaya ta koma makaranta, rabin yini, kwana biyu a mako. An daina buga ƙararrawa a ɓangaren ajinsu, sabuwar malamar ta rage turare, aka ajiye tabarma a lungun ɗakin karatu. Ta fara kiran sababbin wuraren: masu walda, koren ƙofa, kare. Ran da karen bai kwana a wurinsa ba ta ɗora hannu a ciki ta ce tsoro ya zo, shi kuma ya ce, "Na ji. Ya tafi neman abinci ne, mu ma mu wuce." Suka wuce. Da ya ba matarsa labari sai ta zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa, ta rufe fuska da mayafi na ɗan lokaci, sannan ta tashi ta tafi aiki.

Wata biyu bayan haka aka gama aikin bututu. Ranar ya zo ya ga an kwashe ganguna, sabuwar kwalta baƙi ƙirin tana sheƙi. Daɗi ya kama shi, ya ce a ransa yau Tsuntsuwa za ta ga hanyarta ta dawo, ya miƙe kai tsaye. Ai kuwa sai ihu. Masu walda, masu walda, tana buga gilashi. Tsohuwar hanya ta zama baƙuwa, shi kuma ya manta bai gaya mata ba. Wannan karon ya samu wuri ya faka, ya kashe mota, ya ce wa yaran kowa ya yi shiru ya ƙirga ɗari a zuci. Ya zagayo ya zauna a ƙasan motar kusa da ita, bai taɓa ta ba. Minti goma sha biyu aka yi kafin ta saki hannunta. Suka isa a makare, shugaba tana bakin ƙofa da agogo a hannu, amma da ta ga fuskarsa sai ta matsa gefe kawai.

Abin ya ci musu sati uku kafin a dawo daidai, da sabon kwali.

Yanzu Tsuntsuwa ta kusa cika takwas. Tana zuwa makaranta kwana huɗu a mako. Fargabar ba ta tafi ba, wuri take sauyawa: an yi zamanin tsoron ruwan sama, an yi na mai aski, yanzu kuma na balan-balan ne. Kowanne da kwalinsa, sun taru a bayan ƙofa har yayar tana cewa gidansu ya koma ofishin taswira. Furfura ta cinye masa gemu, tsofaffin abokansa in sun gan shi a layin shan mai sukan ce Ba-Birki ya koma birki zalla. Tsakanin kai yara da ɗauko su yakan faka a inuwar katangar makaranta wajen ƙarfe sha ɗaya ya miƙe a kujerar baya, mai gadi ya tashe shi ƙarfe ɗaya saura kwata. Wannan awa biyun ita ce hutunsa, kuma matarsa ce ta tilasta masa, ta ce in ya faɗi ba ta da ƙarfin ɗaukar mutum biyu.

A makon jiya shugaba ta tare shi da fara'a ta ce masa albishir, makaranta ta sayi sabuwar mota, fara, mai ƙofar da ke rufe kanta, za a kawo ta ƙarshen zango. Ya yi godiya yadda ya kamata. Sannan ya tambaye ta ko za a iya ba shi hotonta, ciki da waje, da adireshin garejin da take, da kuma ranar da za a ɗauke tsohuwar.

"Ai da sauran sati bakwai, Baba Direba."

"Shi ya sa, ranki ya daɗe," in ji shi. "Da ƙyar za su isa."

Da aka tashi ya kai yaran gida ɗaya bayan ɗaya, ya biya ta garejin ya roƙi mai gadin wurin ya bar shi ya shiga sabuwar motar. Ya zauna a kujerar da ke bayan ta direba, ya duƙa daidai tsayin yarinya, ya ɗauki hoton abin da ake gani ta tagar.